Ƙofar Da Ke Kallon Tsamiya

Babana ya taɓa cin zaɓen ɗan majalisar jiha bai shiga majalisa ba. A ƙarshen mulkin soja ne. An yi zaɓe, an ce ya ci, mutane suka yi ta tururuwa gidanmu na Gusau suna taya murna, tela ya ɗinka masa manyan riguna na zaman majalisa. Ana jiran rantsarwa, yau a ce gobe, gobe a ce jibi, sai shugaban ƙasa na soja ya rasu. Wanda ya gaje shi ya rushe jam'iyyun da zaɓen gaba ɗaya, ya ce a sake sabo. Rigunan suka koma akwati. 'Yan unguwa suka ci gaba da ce masa Onarabul, amma da wata irin murya da ni na san ba ta girmamawa ba ce. Shi bai nuna ya ji ba. Ni kuwa na ji, kuma duk wanda ya faɗa a gabana sai na harare shi, ko sa'an kakana ne.

Kafin nan malamin firamare ne. Daga aji ya koma ma'aikacin ƙaramar hukuma, ya yi ta hawa a hankali har sojoji suka naɗa shi kantoma, wato mai riƙon ƙaramar hukumarmu kafin a yi zaɓe. Bai daɗe a kujerar ba, kuma ya sauka da tsohuwar motar da ya hau da ita. Wannan ba yabon ɗiya ba ne, maƙiyansa ma sun shaida. Abu ɗaya yake alfahari da shi daga wancan zamani: ɗakin awo da haihuwa da ya gina a wani babban ƙauye. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba. In ka bar Gusau ka kama hanyar Tsafe, ka hango duwatsun Kwatarkwashi, sai ka sauka daga kwalta ka yi ta shiga cikin karkara. Gonakinsu ma wasu na duban Bungudu, wasu na duban Tsafe. Ya isa haka.

Da aka sake buga gangar siyasa, Baba ya sake tsayawa. Wannan karon ko ya ci ya zauna, ko ya ƙare rayuwarsa ana kiransa da sunan kujerar da bai taɓa zama a kai ba. Abokin karawarsa attajirin auduga ne, garuruwan bakin titi duk nasa ne, don rabin mazajen can a hannunsa suke sayar da amfanin gona. Baba ƙauyukan ciki ya dogara da su, kuma mafi girmansu shi ne wancan mai ɗakin awo.

Akwai wani mutum da ke jan ragamar kamfen ɗin, kowa Darakta yake ce masa. Dogo ne, mai son turare, ba ya rabuwa da lasifika. Duk inda aka tsaya sai ya ɗaga ta ya ce, "Wa ya gina wa matanku asibiti?" Maza su amsa, "Kantoma!" Ya dawo gida yana cewa ƙauyen nan a aljihu yake.

Ni a shekarar na gama sakandare, ina zaune gida ina jiran sakamako, zaman ya ishe ni. Ni ce ɗiyar fari, don haka tsakanina da Baba gaisuwa ce kawai. Ba ya kiran sunana, ba ya duban fuskata in yana magana. In yana son wani abu daga gare ni sai ya ce wa Inna, "A ce wa ita wannan ta kawo ruwa," alhali ina tsaye a gabansa. Ban taɓa jin haushin hakan ba, haka na tashi na gani. Amma ina da baki, kuma gidan duk sun sani.

Namiji ba ya shiga gidan matan aure neman ƙuri'a. Saboda haka aikin shiga gida-gida aka ba Gwaggo, yayar Baba, mace mai jiki da murya, wadda ta san dangin kowa tun daga Bungudu har 'Yandoto. Aka haɗa ta da ni don ni na iya nuna wa mata yadda ake dangwala yatsa a takardar zaɓe ba tare da an ɓata ta ba. Gwaggo ta ce ba ta so.

"Wagga mai bakin? Sai ta kore muna mutane."

"Gwaggo, in ba ni ba wa zai riƙa ɗaga ki in kin zauna a tabarma?"

"Kun ji ko? Tun ba mu hita ba."

Haka muka fara, a gaban wata tsohuwar akori-kura, bayanta cike da sabulu da gishiri. Mu yi sallama, a shimfiɗa tabarma, a kawo ruwa a kwanon sha, Gwaggo ta yi gaisuwa mai tsawo kamar ba za ta ƙare ba: ina gajiya, ina yara, yaya aka ji da kaka, yaya mai jiki, ina labarin wance da aka kai Bilbis. Ni ina zaune ƙafata na kaɗawa. In ta gama sai in fito da takardar gwaji in nuna. Sannan Gwaggo ta rufe da maganar asibiti.

A sauran ƙauyuka in ta ambaci asibitin mata kan ce, "Allah sarki, mu ma a yi muna." Amma da muka shiga ƙauyen da asibitin yake, abin ya sake. Gwaggo na cewa "shi ne fa ya gina muku ɗakin awo," sai mata su sunkuyar da kai su ce, "Allah shi saka." Wata ta tashi duba tukunya. Wata ta ɗauki tsintsiya. Gida bayan gida haka. Gwaggo ta ce kunya ce irin ta mutanen karkara. Ni na ce wannan ba kunya ba ce, na san fuskar mace in tana haɗiye magana, don ni ban iya ba kuma ina ganin masu iyawa.

Sai muka faɗa wani babban gida da ke bakin dandalin gari, na tarar da ƙawata ta firamare. Tare muka yi aji a Gusau lokacin tana hannun yayarta, daga baya ta koma gida ta yi aure a nan. Ta ja ni ɗakinta, ta bar Gwaggo da uwar mijinta suna gaisuwar da na san za ta kai azahar.

"Ke dai ba ki canza ba," in ji ta. "Har yanzu tahiya kike kamar ana bin ki bashi."

"Ke kuwa kin canza. Wannan zanen da kika ɗaura har ƙirji, wa kike ɓoye wa?"

Ta kai mini duka a cinya tana dariya, ta leƙa ƙofa. Ciki ne da ita, ya fara fitowa.

"Kina zuwa awo dai ko? Ga asibiti a ƙofar gidanku."

"Wane asibiti?"

"Na Babana mana."

Ta dube ni kamar na yi maganar yara. "Taho ki gani."

Ta kai ni wani wuri a katangar gidan inda ƙasa ta zube kaɗan, ana hango waje. Ga dandali. Ga wata babbar tsamiya a tsakiya, ƙarƙashinta tabarmi da buzaye, dattawan gari zaune, wasu na jan carbi, wani na gyaran igiya, wani na barci a zaune. Ga asibitin, fari tas, da rufin kwano. Ƙofarsa guda ɗaya ce, kuma tsamiyar take kallo ido da ido. Babu ta inda za ka shiga sai ka ratsa gaban tabarmin nan.

"Kin ga mai jar hular can? Uban mijina ne. Na kusa da shi ƙanensa. Wancan mai carbi kawun mijina. Tun hantsi suna nan har magariba. To hwaɗa min, ni da ko uwar mijina ban buɗa baki na gaya wa ba, sai in ɗauki ƙahwata in bi ta gaban surukaina in shiga ɗakin da kowa ya san abin da ake zuwa yi ciki? In tuɓe takalmi, in durƙusa in gaishe su, in tashi in shige? Ai gara in hau tsamiyar in yi shela."

"To ina kuke zuwa?"

"Mai hali ta ce za ta gaida dangi Tsahe ko Gusau, ta yi awonta can ta dawo. Marar hali ta zauna. Matar wan mijina bara da haihuwa ta zo mata da gardama, sai da anka kai ta Gusau a bayan mota, ga asibiti nan tana kallo. Da ta riƙa zuwa awo da an gani tun da wuri. Allah ya yi da sauran kwananta."

"Kuma ba wanda ya faɗa?"

"A hwaɗa wa wa? Mazanmu? Su je su ce wa ubanninsu ku tashi daga inuwarku matanmu na da ciki?" Ta gyara ɗaurin zane. "Ba ginin ne ke ba mu haushi ba. Lasifikar ce. Kullum a zo a tsaya a kanmu ana wa ya gina wa matanku asibiti, maza na tafi. Mai auduga ya ce injin niƙa zai kawo muna. Injin niƙa dai ko yaro ka aika ya tahi."

Ni ba na yarda da abu sai na taɓa. Da muka fito, maimakon in bi Gwaggo zuwa mota, sai na miƙe sak zuwa ƙofar asibitin. Tun ban yi nisa ba na ji abin da take nufi. Hirar dattawan ta tsaya cak. Ba wanda ya dube ni, wannan ne ma ya fi muni: kowa ya juya wuya gefe, mai carbi ya ƙura wa carbinsa ido, mai igiya ya sunkuya. Na tuɓe takalmi, na durƙusa na gaishe su, suka amsa suna kallon sama. Ni da ba ni da komai a ciki sai tuwon safe, sai da kunya ta rufe ni.

Daga bayana sai muryar Gwaggo ta tashi, yadda har mai barci ya farka.

"Haƙori ne! Haƙori ke damunta! Budurwa ce, ɗiyar Kantoma ce, haƙorinta ke ciwo tun jiya!"

A ciki na tarar da malamar asibiti ita kaɗai tana ɗinkin hula. Gadaje a gyare, ma'auni a rufe da ƙyalle. Ta ce yara ake kawo mata masu zazzaɓi da masu gyambo, sai tsofaffi masu ciwon ƙafa. Ban daɗe ba na fito.

A mota Gwaggo ta wanke ni tas. Ta ce na kusa jawo wa kaina sunan da ba zai goge ba. Na bari ta gama, na ce, "Gwaggo, da bakinki kika yi ihun haƙori. Me ya sa?" Muka hau kwalta. Can ta ce, "Ko da gaskiyarki, wagga ba maganar da za a kai gaban maza ba ce. Ki kama bakinki."

"Zaɓen nan bayan kaka za a yi shi. Samarin garin da magidanta rabi sun tafi ci-rani, kin gani da idonki, gidaje duk mata ne da tsofaffi. Waɗanda ke amsa wa Darakta ba su za su cika akwati ba."

"Na ce ki kama bakinki."

Washegari da hantsi Baba ya shigo tsakar gida, ya zauna a kujerarsa ta ƙarƙashin rumfa da rediyonsa. Darakta ya tsaya daga bakin zaure, inda yake tsayawa in ana son a ji shi a ciki. Inna na tankaɗe. Baba ya tambayi Gwaggo yadda muka samu matan ƙauyen.

"Lafiya lau. Sun yi addu'a, sun ce Allah shi saka."

"Ban faɗa ba?" in ji Darakta daga zaure. "Aljihu, ranka ya daɗe."

Na so in yi shiru, Allah ya sani na gwada. Amma ba a yi ni da wannan ba. Ban dubi Baba ba, Gwaggo na duba, don haka ake yi.

"Gwaggo, ki gaya wa Baba matan can ba za su zaɓe shi ba. Ki gaya masa ƙofar asibitinsa majalisar surukansu take kallo. Mace mai ciki ba za ta ratsa gaban uban mijinta ta shiga ɗakin awo ba. Ba mai zuwa. Malamar hula take ɗinki."

Kalmar ciki ta faɗo tsakar gidan kamar an saki faranti. Inna ta ajiye rariya ta shige madafa. Gwaggo ta ce, "Innalillahi, yau na ga ɗiyar zamani." Darakta ya yi tari. Baba kuwa ya ƙura wa rediyonsa ido yana murɗa shi, alhali a kashe yake.

Darakta ne ya fara farfaɗowa. "Ranka ya daɗe, maganar yara ce. Filin nan fa dattawan da kansu suka ba da shi. Wuri mafi daraja a garin. Ranar buɗewa kowa ya ga yadda ginin ya fito, tun daga hanya ake hango shi."

"Gwaggo, ki tambayi Darakta ko ya taɓa zuwa awo."

"Ke!" in ji Gwaggo. Amma na ga kafaɗarta na rawa don dariya.

Baba ya daina murɗa rediyon. Sannan ya ce, ba ga kowa ba, "Ni na ce a juya ƙofar ta kalli dandali. Magini ya so ya sa ta gabas. Na ce a'a, abin alheri ba a ɓoye shi." Ya ajiye rediyon. "Yaya, gaskiya ne abin da ita wannan ta faɗa?"

Gwaggo ta ja numfashi. "Ni dai da zan ratsa wurin nan ina da ƙuruciya, da ban ratsa ba."

Daga nan gardama ta koma zaure, ni kuma na koma bayan ƙofar zaure, don ban ga dalilin da za a ƙarasa maganata ba ni ba. Matsalar ita ce Baba ba kantoma ba ne yanzu. Ginin na hukuma ne, ba shi da ikon fasa bango ya buɗe wata ƙofa, kuma in ya nemi izini sai an gama zaɓe takardar ba ta fito ba. Darakta ya ce a yi shiru har a wuce zaɓe, a ƙara wa mata sabulu. Da Baba ya ƙi, sai ya ce to a gina wa dattawan rumfa a bakin masallaci su koma can. Baba ya ce wannan tsamiyar kakanninsu ma a nan suka zauna, wanda ya ce su tashi ya rasa garin har jikokinsa. Darakta ya ce abin da ya fi tsoro shi ne duk abin da aka taɓa a wurin nan, an amsa cewa an yi kuskure ke nan, kuma mutanen mai auduga za su samu abin waƙa.

"Za su samu," in ji Baba. "A nemo mini amalanke da masu kara."

Azumi ya kama kafin mu koma. Ni da Gwaggo muka riga su isa, muka shiga gidan su ƙawata. Ni da ita muka maƙale a wurin nan na katanga. Gwaggo ta ce ita ba ta leƙe, ba tarbiyyarta ba ce, sannan ta jawo turmi ta zauna daf da mu ta ce mu riƙa gaya mata.

Baba ya zo ba lasifika, ba 'yan rakiya, sai Darakta da fuskarsa a ɗaure. Ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya zauna a gefen tabarma, ba a tsakiya ba. Aka yi gaisuwa, aka yi barka da shan ruwa, aka yi maganar dawa da farashin auduga da waɗanda suka tafi ci-rani. Na ce wa ƙawata in bai shiga maganar ba yanzu zan haura katangar nan. Ta toshe mini baki.

Can Baba ya ce, "Iyayena, wata alfarma na zo nema. Ɗakin nan da muka gina, na lura iska na dukan ƙofarsa da yawa. Tana shigar wa malama da shara cikin magani. Ina so ku ba ni izini in ja danga ta kara daga wancan lungu na bayan gidaje, ta biyo ta rufe gaban ƙofar. Mai shiga sai ya biyo ta lungu."

Ba iskar da ke kaɗawa a ranar, ko ganyen tsamiya bai motsa ba. Dattawan suka dubi juna. Mai jar hula, surukin ƙawata, ya shafa gemu.

"Iska kam akwai ta, Kantoma," ya ce. "Mun daɗe muna ganin iskar nan."

"Ƙwarai," in ji mai carbi. "Iska mai ƙarhi."

"Ni wuyana ma ta kama," in ji wani tsoho daga baya. "Kullum ina juya shi gabas, ina juya shi yamma. Da ka yi dangar nan tun bara da ban sha jiƙo ba."

Aka yi dariya, irin wadda kowa ke yi yana kallon ƙasa. Mai jar hula ya ce, "Da munka ba ka hilin, mu girma munka yi nuhin yi maka. Da kac ce ƙohwa ta kallo mu, mun ce kai ka yi boko, ka san abin da kake yi. Kai kana jin nauyinmu, mu muna jin naka. To ga shi." Ya nuna lungun da sandarsa. "Wancan gefen na ƙanena ne. Ja dangarka. Karan ma kada ka saya, ga shi nan jibge a gonaki."

Ƙawata ta sake ni ta zauna a ƙasa tana dariya ba sauti, hannunta a kan cikinta. Gwaggo na ta cewa, "Mi anka ce? Ku hwaɗa min mana, 'yan banza."

A ranar aka fara. Da azumi a bakinsu, sauran mazan garin suka yi ta kawo kara da itacen kafi. Baba ya tuɓe babbar riga yana riƙe igiya. Dattawan ba su tashi daga tabarminsu ba, amma daga nan suke ba da umarni: a ƙara tsayi nan, a toshe can, wancan wurin ana hango ƙafa. Sun fi kowa sanin inda ido ke kaiwa. Darakta ya tsaya a inuwa yana duban agogo, daga baya shi ma aka miƙa masa dami ya riƙe, turarensa ya gamu da ƙaiƙayi.

Abin da ya ji tsoro ya faru. Kafin mako ya zagayo mutanen mai auduga sun sa wa Baba suna Onarabul mai danga. A tashar Tsafe har waƙa yaran mota suke yi, wai wasu na kawo inji, wasu na kawo kara. Wani ya tare ni a kasuwar Gusau ya ce, "Ɗiyar mai danga, nawa dami?" Na ce masa ya je ya tambayi uwarsa ta wace ƙofa take so ta shiga asibiti. Bai sake ba.

Baba ya hana Darakta ambaton asibitin a lasifika. Ni da Gwaggo muka sake zaga gidajen ƙauyen, kuma wannan karon Gwaggo ba ta ce komai game da shi ba, gaisuwarta kawai ta yi, ni na nuna dangwale. Ba wadda ta ce mana an gode da danga. Ba a faɗin irin wannan. Amma a wani gida wata tsohuwa ta kama hannuna ta ce in sake nuna mata wurin da ake sa yatsan, a hankali, don idonta ba ya gani sosai kuma ba ta so ta yi wa mutumin ɓarna. A wani gidan aka cika mana ƙwarya da gyaɗa aka ce na shan ruwa ne. Da muka bi ta lungun, na ga sawun takalman mata a ƙasa, masu shiga da masu fita.

Ranar zaɓe ina ƙauyen, a layin mata, ina duba kada a ruɗa tsofaffi. Da safe layin maza ne kawai, gajere, yawanci masu furfura. Darakta ya zo ya tsaya kusa da ni yana share gumi, ya ce, "Ina matan naki, Hajiya mai haƙori?" Na ce ya bari su gama aikin gida, su ba lasifika ke dafa musu abin buɗa-baki ba. Da rana ta ɗaga sai ga su, gida-gida, cikin manyan mayafai, masu goyo da masu sanda, har layin ya zagaya bayan makarantar da ake zaɓen. Ƙawata na ciki, mayafinta har ƙasa. Ta wuce ni kamar ba ta san ni ba, sai da ta zo daidai kunnena ta ce, "Malama ta ce kwanciyar ɗan daidai take."

Ban san abin da kowace ta dangwala ba, ba a leƙawa. Masana siyasar zaure sun ce jam'iyya ce ta yi ƙarfi a shekarar, wasu sun ce mai auduga ne ya ɓata da wani hakimi. Su suka sani. Ni na tsaya a layin nan, kuma na san abin da na gani.

Sakamakon ya iso gidanmu na Gusau washegari da rana tsaka. Garuruwan bakin titi sun bi mai auduga kamar yadda aka zata. Akwatunan ciki ne suka ɗaga Baba, na ƙauyen nan kuma ya fi kowanne nauyi. Darakta ya shigo zaure da gudu yana kabbara, yana cewa shi dama ya faɗa tun farko. Gwaggo ta miƙe za ta rangaɗa guɗa, amma maƙogwaron mai azumi ne, muryar ta fito kamar ta zakaran da mura ta kama, Inna ta yi dariya har da hawaye. Ba wanda ya iya kurɓar ko ruwa don murna. Baba ya yi alwala ya shiga ɗaki ya yi nafila, ya fito ya zauna karɓar mutane.

Bayan 'yan watanni aka rantsar da su, ya zauna a majalisa, ya yi shekarunsa cif. Amma a wannan ranar abin da ya dame ni daban ne. Kafin la'asar zaure ya cika, ƙofar gida ta cika, motoci daga Bungudu da Tsafe sun toshe layinmu, kuma duk wanda ya zo a nan zai sha ruwa. Inna ta leƙa ta ƙirga kawuna da ido, ta dawo ta turo mini babban turmi da tsamiyar kunu da gero kwano bayan kwano. Na ce mata ni fa na kawo kujerar nan. Ta ce ta ji, in yi sauri rana na faɗuwa.